Daga Legas Zuwa Elmina da Ƙaramin Guzuri

Ka tambaye ni yadda aka yi muka bi gaɓar teku tun daga Legas har Elmina, ƙasashe huɗu, ba mu ci bashin kowa ba. To ga labarin. A tsohuwar motar wani abokinmu muka tafi, takardunta da inshorar ECOWAS a gaba, kowa da fasfonsa da katin rigakafin shawara a aljihu. A baya kuwa guzuri ne irin na mutan da: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dambun nama, sukari da filas ɗin shayi. Mun sha dariya a gida saboda wannan kaya, amma su ne kumallonmu duk ranar da layin kan iyaka ya ƙi tafiya, inda ake sayar da ruwan gora kamar magani.

Bayan Badagiri sai Seme, ƙofar Jamhuriyar Benin, inda kuɗin matafiyi ke fara zuba tun bai sa loma a baki ba. Duk lokacin da ka canza kuɗi sai an gutsure maka wani abu, don haka kada ka yi ta canji kanti-kanti. Sa'ar ita ce Benin da Togo sefa ɗaya suke kashewa, canji guda ya ishe ka ƙasashen biyu. Da yawan masu canjin Hausa suke ji, sai dai lissafinsu irin na mutanen Nijar ne, da dala, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan aka ce maka dala ashirin, sefa 100 ake nufi, jaka kuwa sefa 1,000. Ni da nake ganin na iya kasuwa sai ga ni ina ƙirga da yatsu, wani yaro mai sayar da goro yana gyara mini.

Kwatano garin babura ne, 'yan acaɓarsu da ake kira zemijan duk cikin riguna ruwan ɗorawa. Mun ajiye motar a unguwar Zango muka hau su zuwa Dantokpa, kasuwar da ke bakin ruwa, wadda tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Ba na jin Faransanci, ba na jin Fon, yaren mutanen wurin, kuma mai sayarwa na ganin hularka ta san daga nesa kake. Dabarar da ta fisshe mu ita ce shiru. Ka tsaya gefe kamar mai jiran wani, ka bari 'yar gari ta zo ta saya, ka ga abin da ta miƙa da abin da aka zuba mata, sannan ka matsa ka miƙa daidai wannan, kana nuni da yatsa. Haka muka sayi abarba mai koren ɓawo da farin ciki, wadda a ido sai ka rantse ɗanya ce, a baki kuwa sai ka ce an jiƙa ta da sukari. Haka kuma muka sayi wagashi, cukwin Fulanin ƙasar da ake rina bayansa da karan dafi, a soya a ci da yaji.

Abu ɗaya da zan gaya maka tun da wuri: a kudancin Benin ana cin alade sosai, don haka idan ba a Zango kake ba, kifi ne lafiyarka, kuma shi ne ma ya fi araha. Akwai kuma wani farin ruwa a kwalabe da ake jerawa a gefen titi. Sodabi ne, giyar da ake tatsa daga bammi. Wanda ke cikin manyan kwalabe ruwan zuma kuwa fetur ne ɗan fasa-ƙwauri daga gida.

A Wida muka gangara har bakin teku, wurin ƙofar tunawa da bayin da aka kwasa zuwa ƙetare, wadda aka gina a 1995. Daga nan zuwa Gran-Popo gidajen abinci ne jere a kan yashi, da rumfunan kaba da kujerun kishingiɗa. Suna da kyau ƙwarai. Sai dai duk farantin da ake ci ana kallon teku, an saka kuɗin tekun a ciki. Kifin da ke kan takardar farashinsu, shi ne wanda masunta ke jawowa da doguwar koma can gaba kaɗan, maza sun jeru a igiya suna waƙa, mata na jira da daro. Ka bi matan nan zuwa bayan gari, za ka tarar da kasko a kan wuta, a soya maka kifi a haɗa da agidi da jajjagen barkono, ka biya abin da bai kai kuɗin lemon kwalba biyu na can ba. In kallon teku kake so, ɗauki ledarka ka koma kan yashi, babu mai hana ka.

Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, ga shi kuma kana shiga za ka mayar da agogo baya da awa guda. Kwakwa muka yi ta sha daga Aneho har Lome. Babbar kasuwar Lome ita ce gidan matan nan da ake kira Nana Benz, waɗanda suka yi arziki da atamfa 'yar Holan a shekarun 1970 har suka riƙa hawan Marsandi. Matanmu sun yi mana sautu, mu ma mun shiga da zumuɗi. Da muka juya farashin zuwa naira sai jikinmu ya yi sanyi. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa ka san halinta. Ta ainihin ba ta tayuwa, mai arahar kuma 'yar Sin ce, irin wadda ke jibge a Kantin Kwari. Me zai sa in yi wa Kano dakon abin da ta fi kowa? Turmi ɗaya na ɗauka, don zanensa ban taɓa gani a gida ba, na bar sauran sautun.

Iyakar Gana a bakin Lome take, gari na ƙarewa sai Aflawo. Nan muka canza ragowar sefa zuwa sidi. A Sogakope, inda gada ta ƙetare kogin Bolta, mata suka yanyame motar da burodi, wanda garin ya yi suna da shi, muka saya na kwana biyu.

Ankara, babban birnin Gana, tana da tsada idan ka biye wa manyan tituna. Mu Nima muka nufa, unguwar da za ka yi sallama a amsa maka da Hausa, ko da ta ɗan sha bamban da tamu. Da safe koko mai citta da kanumfari da ƙosai mai zafi. Kafin hantsi kuma layin wace, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, a zuba maka a ganye, a ɗora taliya, garin rogo, dafaffen ƙwai, ganda da shito, baƙin yajinsu mai busasshen kifi. A nan ba a cewa faranti nawa, kai za ka faɗi na nawa kake so, kowane ƙari da kuɗinsa, don haka ka riƙe bakinka lokacin da Hajiya ke tambayar a sa wannan, a sa wancan. Wanda ya ci shi da hantsi ba ya neman komai sai magariba. Wani abin da ya ɗaure mana kai shi ne tsofaffi har yanzu da tsohon kuɗi suke lissafi. A 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, don haka idan tsohuwa ta ce dubu hamsin, sidi 5 take nufi. Da farko har mun juya za mu tafi.

Hanyar yamma ta bi da mu ta Mankesim zuwa Yamoransa, inda aka tara dokunu irin na Fanti a tebura, tuwon masara mai tsami da aka naɗe a busasshen ganyen ayaba. Yana kwanaki bai lalace ba, sai ya maye gurbin garin kwakinmu da ya ƙare. A Elmina mun biya kuɗin shiga gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma wannan kam ban yi ciniki ba, don abin da muka zo gani ke nan. Masu sayar da duwatsun wuya a ƙofa muka ba su haƙuri. Tsarabar tana ƙasan ginin, a kasuwar kifi. Ka kiyaye ranar Talata, masuntan ba sa fita teku. Mu Laraba muka je da sassafe, muka cika kwali da bandar kifi da kwalaben shito, sidin da ya rage muka zuba fetur, tsabar kuma muka ba yaran da suka tsare mana mota, tunda babu mai canjin da ke karɓar tsaba.