Jirgina na farko: nauyi kafin kamara

Duk wanda ya ji ina haɗa ƙaramin jirgi maras matuƙi, tambayarsa guda ce: wace kamara ka saya? Ni kuwa ita na biya ƙarshe, amma nauyinta na fara rubutawa a takarda.

Nauyi ke yanke hukunci. Injinan nan huɗu sai sun iya ɗaga aƙalla ninki biyu na nauyin jirgin, har da batir da kamara. Daga nan komai ke bin juna: gangar jiki ta ƙayyade girman farfela, farfela ta zaɓi inji, inji ya zaɓi batir.

Na tsaya kan ganga mai farfela inci 5, injina 2306 masu KV wajen 2400, da batir LiPo 4S mai volt 14,8. Irinsu suna da yawa wajen masu sayarwa, kuma jirgin ɗan koyo ba ya rasa faɗuwa. A Maraɗi, in abu ya karye, sai ka yi oda ka jira makonni. Shi ya sa na tara farfeloli tun farko, da inji guda na ajiya. Ƙwaƙwalwar jirgin kuma na ɗauki mai aiki da INAV da GPS, domin ya komo gida in sadarwa ta yanke.

Zafin Afrilu yana wuce digiri 40, LiPo kuwa yana kumbura, har ya kama wuta. Nawa a inuwa yake kwana, nesa da ɗakin yara. Sauran izinin hukuma: a halin tsaron da ake ciki, ba zan tashe shi ba sai takarda na hannu.