Ranar da na kira malamai arna

Shekarata ta biyu ke nan da fara koyar da tarihi a wata sakandare da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ina jin kaina kamar ni na haɗiye allon. Ran nan darasinmu jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ne na 1804. Na raba allo biyu: dama jama'ar Shehu, hagu na rubuta "arnan da suka ƙi gaskiya", na jera garuruwa, har da 'Yandoto. Ba a wani littafi na gani ba. Lissafina kawai shi ne, duk wanda ya ja da masu jihadi ai ba ya salla.

Wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu. "Malam, kakana ya ce asalinmu 'Yandoto ne, kuma ya ce malamai ne." Na ce masa tatsuniyar tsofaffi daban, abin da za a tambaye shi a jarrabawa daban. Aji ya fashe da dariya. Kafin a tashi tara, sun laƙaba masa Jikan Arna.

Sai da aka gama cirar auduga kakan yaron ya zo, a kan keke, ya same ni gindin dalbejiya. Ya gaishe ni har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Malam, Korau daga ina ya fito?" Na san Korau, na san kirarin sarakunan Katsina na Magajin Korau, na san labarin kokawarsa da Sanau. Inda ya fito ne ban sani ba. Ya ce, "To, ka bincika, yarona." Ya hau kekensa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na nemo littafin Dakta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, na zauna da shi dare da yawa. 'Yandoto tana kusa da Tsafe, kan hanyar da muke bi daga Funtuwa zuwa Gusau. Yau tana cikin Zamfara, amma a da ƙasar Katsina ce. Ruwayar Katsinawa ta ce daga can Muhammadu Korau ya taso a ƙarni na 15 ya karɓe sarauta daga Durɓawa. Gari ne na karatu, da almajirai da tarin littattafai, tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Shehu. Har gobe sarautar Tsafe 'Yandoto ake kiranta, ni kuwa na sha jin sunan a rediyo ban taɓa tambayar dalili ba.

Da jihadi ya zo, da yawa daga malaman garin suka ƙi yin mubaya'a, Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ci garin da yaƙi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiƙun da suka biyo baya. Shehu al-Kanemi na Borno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa, kuma ya adana musayar a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri: ya ce a wani gari da suka ci ya ga iska na kwasar takardu, ya yi ta tsinta har ya gaji, ransa ya ɓaci. Masana tarihi na danganta wannan da 'Yandoto. Ashe gardama ce tsakanin masu tawada da masu tawada, kowa da hujjarsa, kuma shi kansa wanda ya yi nasara bai ɓoye cewa akwai littattafai a wurin ba. Ni ne, da ko Ahalari ban ƙare ba, na zo bayan kusan shekara 200 na kore su daga Musulunci da alli.

Binciken ya tona mini wani asirin. Na saba gaya wa yara cewa yankinmu jirgin ƙasa da auduga ne suka kafa shi, mai son tarihi ya tafi hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu. Ga Maska a bayan gidanmu, wadda Hakimin Funtuwa ke ɗauke da sunanta. Ga Gozaki. Ga Kwatarkwashi a gaba da Tsafe, inda Wazirin Kano Ahmadu ya fuskanci sojan Turawa a Fabrairun 1903 ya rasu a fagen fama.

Na koma aji na sake zana allon, na goge kalmar da hannuna, na ba yaron haƙuri a gaban kowa. Na je har gida na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure." Ya ce ba komai, ya sa aka kawo mini fura. Na yi masa alkawarin kai ɗalibai su ga kufan tsohon garin, na yi ta ɗagawa, har ya rasu, har hanyar Tsafe ta zama wadda ba a kai 'ya'yan mutane saboda 'yan bindiga.

Yaron ya gama makaranta, ya yi aure, yana sana'ar hatsi. Abokan ajinsa har yau Jikan Arna suke ce masa.