Me ke hannunka?

Ƴan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da take hana samari da ƴan mata barci. Tambayar ita ce: don me Allah ya halicce ni, kuma wane aiki yake so in yi a duniya? Kowace shekara, da an gama girbin hatsi an sa damma a rumbu, tambayar nan takan taso a ƙasar Kornaka. Wani ya ce Maraɗi ya nufa. Wani ya ce Kano. Wani ya sayar da akuyar uwarsa ya yi kuɗin mota zuwa Agadas, daga can sai Libiya ko Aljeriya. Wasu sukan dawo da alheri, wasu hannu wofi, wasu kuwa har yau babu labarinsu.

Ni Kirista ne, ɗan manoma. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, muna zaune lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Na yi lakwal, na samu horon malanta. Yau shekaruna sun haura 30, ina koya wa manya karatu da rubutu da lissafi cikin harshen Hausa.

Sa'ad da na ƙare horo, hanya biyu ta buɗe mini. Ɗan kawuna yana da shago a birni, yana neman wanda zai riƙe masa lissafi, da albashi mai kyau. A ƙauye kuwa ana neman malamin yaƙi da jahilci, ajin rumfar zana ce, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Na yi ta addu'a, amma ban yi mafarki ba, ban ji wata murya ba. Sai na tafi wurin wani dattijo na majami'armu.

Na ce, "Baba, yaya mutum zai san nufin Allah?"

Ya ce, "Ɗana, me ke hannunka?"

Na ce, "Alli da littafi."

Sai ya tuna mini labarin Annabi Musa. Yana kiwon tumakin surukinsa Allah ya kira shi, kuma da sandar kiwon nan ya tafi gaban Fir'auna. Dawuda ma daga bayan tumaki aka kirawo shi. Yesu Almasihu kansa ya yi aikin sassaƙa a Nazarat, sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara wa'azi.

Dattijon ya sake tambaya, "To, wa yake bukatar abin da ke hannunka?"

Na koma gida ina dubawa. Innata ba ta iya karanta takardar likita, sai ta jira yaro ya taso daga lakwal. Maƙwabcinmu yakan kai wake kasuwa, ba ya gane lambar sikeli, abin da mai saye ya faɗa shi ke nan. Mata suna adashi, babu mai rubuta wadda ta zuba da wadda ta kwasa. Shagon birni zai samu wani mai lissafi cikin kwana biyu. Rumfar ƙauye kuwa ta shekara babu malami. Na shawarci iyayena, suka sa albarka, hankalina ya kwanta. Ka ji yadda na zama malamin manya.

Akwai wani mutum da labarinsa yake ƙarfafa ni, a jiharmu ta Maraɗi abin ya faru. Sunansa Tony Rinaudo, mutumin ƙasar Ostireliya. Tun yana yaro ya roƙi Allah ya yi amfani da shi a wani wuri don taimakon mutane. Ya karanci aikin noma, ya zo Maraɗi da matarsa a farkon shekarun 1980, ƙarƙashin mishan ta SIM, wadda ta kafa asibitin Galmi da na Danja. Aikinsa dashen itatuwa ne. Ya yi ta dashe, amma rana da iska da awaki suka kashe mafi yawansu. Ransa ya ɓaci, ya fara tunanin ko ba nan Allah ya aiko shi ba.

Wata rana cikin 1983 yana kan hanyar ƙauye da mota, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya yi addu'a Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a bakin hanya. Da ya duba ganyen, ya gane icce ne da aka sare, kututturen yana raye, saiwarsa tana ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututture sun cika gonakinmu, kowace bazara muna sassabe tohonsu muna ƙonewa.

Daga nan dabarar sassabin zamani ta bazu. Manomi yakan zaɓi kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya bar toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya yanke sauran, ya rage rassan ƙasa. Da yake saiwar tsohuwa ce, iccen yakan tashi da sauri. Yana tare iska kada ta binne shuka, ganyensa ya zama taki, a samu iccen girki da abincin bisashe. A yunwar 1984 manoma da yawa suka gwada, daga baya manomi ya riƙa koya wa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5 a Nijar. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. A shekarar aka ba Yacouba Sawadogo irinta, manomin Burkina Faso wanda ya yi karatun allo, ya rayar da fako da ramukan tassa.

Ku duba, ƴan'uwa. Shekara biyu mutumin nan yana wucewa ta gaban amsar addu'arsa kullum, sai ran da Allah ya buɗe masa ido.

Ban ce tafiya laifi ce ba. Annabi Ibrahim, Allah ne ya ce masa ya bar ƙasarsu. Amma kafin saurayi ya ɗaura kaya ko ya zauna, ya auna abu huɗu.

Na ɗaya, ya yi addu'a, ya karanta Littafi Mai Tsarki. Tun 1932 yana nan cikakke cikin Hausa, wanda ya koyi karatu zai duba da idonsa. Hanyar da za ta sa ka ƙarya ko cin amana, ko ta sa ka yar da iyayenka, ba ta Allah ba ce, kome kuɗinta.

Na biyu, ya dubi baiwar da aka ba shi: noma, kiwo, ɗinki, gini, jinya ko koyarwa.

Na uku, ya dubi masu bukatar baiwar nan.

Na huɗu, ya shawarci manya masu tsoron Allah, ya yi haƙuri. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

A ajinmu yau, uwar da take jiran yaro ya karanta mata takarda tana rubuta sunanta da hannunta, tana duba ranar rigakafin jikanta a kati. In na ga haka sai in gode wa Allah.

Ku tattauna maganar nan a ajinku, Musulmi da Kirista, ku rubuto mana abin da kuka gani. Allah shi nuna wa ƴaƴanmu hanya, shi ba mu damana mai albarka. Amin.