Ishiriniyar kaset da ta waya

A Maulidin bara na zauna a zauren unguwarmu nan Sassumbrum, ina sauraren yara suna ja Ishiriniya. Muryoyi tas, ba gargada. Amma da suka kai wani baiti sai duk suka yi tsit, aka bar dattawa su kaɗai suna amshi. Washegari a lakwal na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili. Ya ce, "Mushe, ai a nan ta waya take ƙarewa."

Da na koma gida na lalubo kaset ɗin da marigayi mahaifina ya sayo a Daura tun ina ɗan firamare, na saurare shi, sannan na saurari ta wayar ɗana.

Waƙar dai ɗaya ce: yabon Annabi (SAW) da Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, ya tsara bisa haruffan Larabci, kowane harafi baiti ashirin. Daga baya Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi, ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti. Shi ya sa jan ta ke son numfashi, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Ta waya an ɗauke ta a situdiyo. Ba zan ci haƙƙin mai ita ba, ya fi na kaset fitar da haruffa, kuma yaranmu sun gyara lafazi a bakinsa. Sai dai amshin da ke bayansa muryarsa ce aka ninka da kwamfuta, ga fiyano ya cike ko'ina. Babu inda aka bar wa mai sauraro ya sa baki. Minti shida, an gama.

Kaset ɗin kuwa shuuu ɗinsa kaɗai ya isa ya kori yaron yau. Akwai tari, akwai carar zakara, akwai wani tsoho da kullum yake riga kowa shiga amshi (mahaifina kan yi dariya duk lokacin da aka zo wurin). Amma idan mai ja ya kai ƙarshen ɗango numfashinsa ya ƙare, sai ka ji zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har ya huta ya dawo. Tun ina yaro na san inda zan shiga, ba wanda ya koya mini. Gurbin da ya bari ne ya koya mini.

Ni dai na kaset na zaɓa, ko da yake zarensa ya fara tauna. Na kai wa wani mai gyaran waya a Magarya ya juye mini shi cikin memori. Ya tambaye ni ko ya share hayaniyar. Na ce ya bar mini har zakaran.

Yanzu ranar Alhamis bayan isha'i nakan kunna wa yaran gidanmu. Har yau ba su kai ƙarshen harafin farko ba, amma ƙaramarsu ta fara riga tsohon nan shiga amshi.