Waɗanda Ba a Gani a Dandali

Duk wanda ya tsaya kallon faretin 11 ga Fabrairu a Garwa, ranar da Kamaru ke bikin matasa tun 1966, abin da idonsa ke kamawa shi ne ƙafafu da riguna masu launi da ƙurar hunturu tana tashi. Ba ya ganin mutum biyar ko shida da suka yi makonni ba barcin kirki kafin a kai ga rawar minti goma. Mu mun san su, domin mun taɓa zama su.

A Hausare muka tashi, nan kusa da kogin Binuwai, a garin da ake ciniki da Fulatanci, a yi karatu da Faransanci, a koma gida a yi Hausa. Ƙungiyar rawarmu ta unguwa ta ɗauko wannan kamanni. Akwai 'ya'yan Hausawa da na Fulani, akwai Fali daga gindin duwatsun Tingilin, akwai Tupuri da Gidar waɗanda aikin auduga a Sodecoton da masaƙar CICAM ya kawo iyayensu gari. 'Yan matanmu suna gaɗa, samari suna taka kiɗan kalangu, abokanmu Tupuri kuma suka koya mana gurna, wadda ake yi a da'ira da sanda a hannu, ganga na tsakiya.

Tsarin shugabanci iri biyu muka gada. Na farko na kakanni ne: Sarkin Samari da fadawansa, masu shirya wasa da aikin gayya, tsarin da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da shi a Nijar bayan 1974 da sunan Samariya. Na biyu na hukuma ne. Doka mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 ta ba 'yan Kamaru damar kafa ƙungiya, da sharaɗin a rubuta ƙa'idojinta a kai ofishin gunduma tare da sunayen shugabanni. Saboda haka a takarda muna da shugaba da magatakarda da ma'aji, a dandali kuwa muna da sarkin wasa da babban makaɗi da uwar ƙungiya.

Cikinsu duka, uwar ƙungiya ta fi ɗaukar nauyi, ko da yake sunanta bai shiga takardar hukuma ba. Ita ce ke bi gida gida ta durƙusa ta gaida iyaye, ta ce, “Baba, amanar Allah ce, ni zan ɗauke ta, ni zan dawo da ita kafin lisha.” A garin da mutane da yawa ke ganin rawa hanyar lalacewa ce, wannan alkawari shi ne jarinmu. Da yarinya ɗaya za ta kai dare, da washegari gidaje goma sun rufe mana ƙofa.

Jarrabawar da ta fi girgiza mu kuwa ta zo ne ta wajen kuɗi. Wata shekara, saura kwana tara bikin matasa, muka nemi ma'aji ya kawo abin da ke asusu a biya tela, a sake fatar ganga biyu. Kuɗin karo-karo ne na kowane mako, da ɗan liƙin da muke samu a gidajen biki. Ya sunkuyar da kai, ya ce babu. Mahaifiyarsa ce ta kwanta asibiti, ya taɓa kaɗan da niyyar mayarwa, kaɗan ta bi kaɗan har asusu ya ƙare.

Daren nan mun rabu biyu a zauren shugaba. Wasunmu suka ce a kira taron kowa da kowa a faɗi sunansa, domin kuɗin yara ne, wasu daga tallan gyaɗa suka tara, wasu daga acaba. Wasunmu suka ce wanda uwarsa ke gadon asibiti ba a ƙara masa da tonon asiri. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, shi ya sa gardamar ta kai mu asuba.

Uwar ƙungiya ce ta raba. Ta dubi shugaba ta ce, “Ɗana, ku da kuka bar kuɗin jama'a a hannun mutum ɗaya shekara biyu ba ku taɓa cewa a ƙirga ba, ku ma da naku laifin.” Muka yi tsit, domin bango ne ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Aka tsayar cewa za a faɗa wa 'yan ƙungiya gaskiya, shi da kansa zai faɗa, mu kuma mu tsaya bayansa mu amsa namu sakacin. Ya ajiye muƙami, ya shiga adashi ya riƙa biya har ya gama. A wannan shekara mun fita fareti da tsofaffin riguna da gangar aro. Mutum uku suka bar mu, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Daga ranar muka sa doka: ba a fitar da ko sefa ɗaya sai da sa hannun mutum biyu, kuma kowace Juma'a bayan la'asar magatakarda ya karanta littafin kuɗi da ƙarfi a gaban kowa, kafin makaɗi ya taɓa ganga.

Yau ƙannenmu ke riƙe da dandali. Suna ɗaukar rawa da waya su sa a TikTok, suna mafarkin babban dandali irin na bikin al'adu na ƙasa da aka yi a Marwa a 2008. Muna yi musu fatan alheri. Idan sun zo neman shawara, ba ma koya musu taku, don sun fi mu iyawa. Tambaya biyu muke yi musu: wa ke raka 'yan mata gida, kuma yaushe aka ƙirga asusu?

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yi wa masu riƙe da amanar 'ya'yan mutane jagora.