Auta Mai Fiyano Da Ciwon Da Ba A Gani

A Gwaram kowa Auta yake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Tun yana sakandare a Birnin Kudu aka san shi da ƙwanƙwasa tebur da biro, har malamai suka gaji da dukansa a kan haka. Ranar da babu karatu sukan tafi wajen Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka bar zanen shanu a jikin dutse. Abokansa zane suke kallo. Shi kuwa hankalinsa yana kan duwatsun nan da in an buga su suke amsawa kamar ƙarfe. Sai ya wuni yana bugu, wai yana haɗa kiɗa.

Da ya gama makaranta sai Kano. Ya samu wani situdiyo a Titin Gidan Zoo, ya fara da shara da sayo fetur na janareta, a hankali har aka bar shi ya taɓa fiyano. Mai karatu ya san yadda industiri take: tun zamanin fim ɗin Sangaya, fim ɗin da ba waƙa da wuya ya yi kasuwa. Don haka aiki ba ya yankewa. Furodusa zai zo da daddare ya ce waƙa uku yake so kafin jibi, ga 'yan wasa can suna jira a lokeshin. Kuɗi kuwa, sai fim ya fita. Auta yakan yi kwana uku bai yi barcin kirki ba, abincinsa shayi da burodi.

Wani dare a 2017, yana tsakiyar ɗora kiɗa, sai ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku. Gumi ya karyo masa, numfashi ya ƙi fita, yatsunsa suka ɗauki rawa a kan fiyano. Wallahi a ransa ya gama sallamawa cewa ajali ne ya zo, har kalmar shahada ya yi. Bayan 'yan mintoci abin ya lafa kamar ba a yi ba. Da sati ya zagayo ya sake dawowa, sannan ya koma kusan kullum. Tsoron zuwan abin ma ya zama wani ciwon. Ya daina shiga mota, ya daina zama cikin mutane. Wani aboki ya miƙa masa kwalbar kodin, wai tana kwantar da hankali. Ta kwantar na awa biyu, ta bar shi da ninkin abin da ya tarar.

Ranar da aka dawo da shi Gwaram, Inna ta dube shi ta fashe da kuka. Kawunsa ya ce sammu ne na abokan sana'a. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, ai dama mai kiɗan dare ba ya rabuwa da su. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Cikin gari kuwa magana ɗaya ce: ɗan gidan wane ya taɓu. Ba a yi wata biyu ba iyayen yarinyar da aka sa musu rana suka aiko da kayansa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya shige ɗaki ya ja ƙyaure.

Akwai wani ɗan bautar ƙasa, mutumin Kudu, da yake haya a gidan da ke jikin nasu. Shi ne wata rana ya zauna kusa da Auta a zaure, ya kunna masa wata waƙa a waya. Kiɗa ne na rok, jita mai lantarki da ganguna da gudu kamar ana kora. Sunan waƙar Basket Case, ta ƙungiyar Green Day ta jihar Kalifoniya a Amurka, a cikin kundinsu Dookie na 1994, wanda ya ci kyautar Grammy a 1995. A Turancinsu, sunan waƙar ana faɗarsa ne ga mutumin da aka fid da rai da hankalinsa. Mawaƙin, Billie Joe Armstrong, ya sha bayyana cewa ciwon firgici ne ya sa shi rubuta ta, a lokacin da bai ma san sunan abin da ke damunsa ba, yana zaton hauka ne ke shirin kama shi.

Auta ya ce, "Malam, kana nufin Bature ma yana yin wannan abin? Su ma ana yi musu sammun?"

Ɗan bautar ƙasan ya yi dariya, ya ce cikin gurɓatacciyar Hausarsa, "Ba sammu. Ciwo ne. Akwai magani."

Ya kuma ba shi labarin Chester Bennington na ƙungiyar Linkin Park, wanda ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, ya kashe kansa a ranar 20 ga Yuli, 2017 yana da shekara 41. Ga kuɗi, ga suna, ga masoya a duniya. Ashe wannan ciwo bai san mai shi da mara shi ba, kuma wasa da shi ganganci ne.

Da daddare Auta ya samu mahaifiyarsa a tsakar gida. "Inna, ina so a kai ni asibiti."

Ta yi shiru. Can ta ce, "Auta, in aka ji an kai ka wajen likitan ƙwaƙwalwa, ai mun tabbatar wa mutane maganarsu."

Ya ce, "Inna, sun riga sun faɗa. Ni dai lafiya nake nema."

Yayansa ne ya kai shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Likita ya auna zuciya, ya ce lafiyarta lau. Ya yi masa bayani cewa jikin ɗan Adam yana da shirin da yake yi in ya ga haɗari: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama, gumi ya zubo. Mai ciwon firgici, jikinsa ne ke yin wannan shiri alhali babu zaki babu ɓarawo. Rashin barci da ƙwaya suna ƙara rura shi. Aka ɗora shi a kan magani, aka ce sai ya yi makonni kafin ya ga aikinsa, kada kuma ya daina da kansa. Aka koya masa jan numfashi a hankali in abin ya taso. Baba ya tambaya ko a daina addu'a. Likita ya ce, "Haba Baba, a ci gaba. A haɗa biyun."

Wata shida bayan nan Auta ya ari fiyano ya yi waƙa. Ba ta soyayya ba ce, babu gayu babu rausaya. Labarin daren nan ne na situdiyo, da ɗakin da ya kulle kansa, da kayan da aka dawo da su. A farkonta ya sa amon dutsen Birnin Kudu da ya ɗauko da waya. Furodusoshi biyu suka saurara suka ce ba za a iya rawa da ita ba. Sai ta bi ta wayoyin samari, daga wannan zuwa wancan.

Abubuwa sun ɗan sauya tun lokacin. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ga asibitin Dawanau a Kano, ga na Kazaure a nan Jigawa. Amma bakin mutane shi ne bai sauya ba, kuma tsoronsa ne ke hana da yawa zuwa asibiti, har cikin 'yan fim da mawaƙan da ake gani suna dariya a allo.

Yarinyar ta yi aure a wani gari. Auta kuwa yana nan yana kiɗan biki tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ƙarfe goma ta yi masa a gado. Kwanakin baya, bayan an tashi daga wani kamu, wani yaro ɗan shekara sha takwas ya bi shi har bakin mota, ya rage murya ya ce, "Yaya, abin nan na cikin waƙarka, ni ma yana yi mini."

Auta ya ajiye fiyanon a ƙasa, ya ce, "Zauna ka ba ni labari. Tun yaushe?"