Tsohon Injin Wasa Daga Kumasi

Tsakanin Kano da Legas ba abin da zan ba da labari sai ciwon baya. Haka ma daga Seme zuwa Kwatano, Lome da Aflawo: sauka, miƙa takarda, hau. Bikin ɗiyar wani abokin kasuwancin yayana ne ya kai ni Kumasi, amma abin da ya riƙe ni a garin daban ne.

Masaukin da na fara faɗawa kusa da kasuwar Kejetiya, Allah ya kiyaye Musulmi da irinsa. Ɗaki ba taga, katifa ta sha danshi har tana warin rima, ga gidan giya a ƙasa ana kiɗa har asuba. Na nemi buta, yaron wurin ya kawo mini bokitin wanke ƙasa. Da safe a masallacin Aboabo wani dattijo ya ga idona ya yi ja, ya tambaye ni daga ina. Da ya ji Kano, sai ya aika jikansa ya ɗauko jakata. Kakannin dattijon fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja ba su koma ba, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma karamcin na gida ne sak. Tuwonsu dai ya cika ruwa-ruwa, ban ɓoye masa ba.

Da ya ji ina da ɗan shagon ƙira da walda a zauren gidana, sai ya ce, "Ɗana, ai ba ka ga Kumasi ba in ba ka ga Magazin ba."

Suwame Magazin unguwa ce sukutum ta makanikai, maƙera da masu zubin ƙarfe, ana ƙiyasta masu sana'a a cikinta sun kai 200,000. Na san Ƙofar Ruwa, na san Panteka ta Kaduna, kuma har gobe ina cewa maƙerin Kano ya fi su tsabtar hannu a ƙananan kaya. Sai dai a manyan injuna sun sha gabanmu. Tun farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin unguwar, aka riƙa shigo da tsofaffin injunan masana'antu daga Ingila ana koya wa mutane aiki da su. Na ga injin feƙe ƙarfe na Colchester, na ga na goge fuskar ƙarfe na Jones & Shipman, duk sun girmi masu aiki da su, kuma suna juyawa lafiya lau. Mu da masaƙu suka mutu a Kaduna da Kano, nawa ne cikin injunanmu suka ƙare a sikelin 'yan gwangwan, aka sayar da su kilo-kilo? Wannan abu ya ci mini rai.

A bayan wata rumfa na hango shi, an jingina masa tsofaffin tayoyi. Injin wasa ne na tsaye, mai dutse biyu, dama da hagu, tsayinsa ya kai ƙirjina, gangar jikin duk ƙarfen zubi. Ruwan saman garin ya sa tsatsa ta rufe shi. Mai shi Ba'ashante ne, ya ce ya ajiye shi don kwayil ɗinsa ya ƙone.

Dattijon nan, Baba, da ya rako ni, ya hana ni yin magana. Ya kama sandar da duwatsun ke kai ya jijjiga sama da ƙasa, ya juya ta a hankali yana kasa kunne ko boris zai yi gurnani. Sannan ya sa aka kwance duwatsun, ya rataye ɗaya a yatsa ya ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. Ya yi ƙara siririya mai tsawo. Na biyu ya ce "ƙwaf".

"Wannan ya tsage a ciki," in ji shi. "Ka ɗora shi, ranar da ya tashi fashewa da fuskarka zai tafi."

Muka jefar da shi nan take. Baba ne ya nuna mini cewa notin ɓangaren hagu bahago ne, ta dama ake kwance shi, don kada juyin injin ya sassauta shi.

Cinikin bai yi mini daɗi ba. A Kano ka taya a ce albarka, a yi raha, a ƙara, har a sallama. Mai injin ya faɗi kuɗinsa da sidi ya koma kan aikinsa, sai da Baba ya bi shi da yaren Tuwi kafin ya rage wani abu. Masu ƙarfin gaske suka ɗaga injin da sarƙa suka saka a motar goro mai zuwa Arewa. Kuɗin mota da na kwastan sun kusa kamo kuɗin injin.

Aikin gaske a gida aka yi shi. Kusoshinsa na tsohon awon Ingila ne da ake kira Whitworth, sifanuna na milimita duk suka ƙi kamawa, sai da na feƙe biyu na daidaita su. Na jiƙa komai da kananzir, na kankare tsatsa, na sauya boris, na cika giris. 'Yan riwaya suka naɗa sabon kwayil, amma injin na wuta mai layi uku ne, gidana kuwa layi ɗaya, dole na sayi na'urar da ke juya ɗaya zuwa uku. Sabon dutse na duba adadin juyin da aka rubuta a jikinsa kafin in ɗaura, na sa kwali tsakaninsa da farantan da ke matse shi, majinginar ƙarfe kuma na bar mata tazarar da ba ta wuce milimita 3 ba.

Da na kunna shi ko motsi bai yi ba, nauyinsa ya shanye girgizar, ba kamar ƙananan na kanti da ke rawa a kan benci ba. Mahautan unguwa ne suka fara kawo wuƙaƙe, sai masu gatari da fartanya. Matsalar da ta rage ita ce wuta, in an kawo mu yi, in an ɗauke mu jira.